Me ya sa kara ke cika cikin rago amma ba ya sa shi ƙiba?

Manomi daga Gezawa:
Assalamu alaikum. Na sayo raguna biyu a kasuwar Wudil don Babbar Sallah. Na wurina yana cin datsattsen karan dawa har ya bari, ciki kullum a cike, amma ana iya ƙirga haƙarƙarinsa. Ɗayan yana gidan ƙanena mai harawar wake, bai kai nawa ci ba, ga shi ya murje. Don Allah me ke cikin harawa da babu a kara?

Malamin gona, Minjibir:
Wa alaikumus salam, Malam. Furotin ne, wato sinadarin da ake gina tsoka da jini da shi. A busasshen karan dawa bai fi kashi 3 zuwa 5 cikin 100 ba, harawar wake mai ganye kuwa takan haura kashi 12.

A tumbin rago akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani, su ne ke narkar da kara. Su ma sai da furotin suke yaɗuwa. In ya gaza wajen kashi 7, aikinsu ya yi sanyi, karan ya daɗe a tumbi. Shi ne cikar cikin da kake gani.

Wake kuma daga ina ya samo? Tuge shi da damina, za ka ga 'yan ƙulle-ƙulle a saiwarsa. Ƙananan halittun da ke ciki suna kamo wani sinadari mai suna naitirojin daga iska, da shi wake ke haɗa furotin. Dawa ba ta iya wannan. Kada ka zubar da karanka, ka riƙa haɗa masa da harawa da dusa ko kowar wake.

Ma'aikaciyar lafiya, Ringim:
Yayana, wallahi abin da muke fama da shi ke nan a wurin yara. Uwa ta ce yaro na shan koko sau uku, amma ga tamowa. Kokon gero tsinkakke yawanci ruwa ne, cikin yaro kuwa ƙarami ne. A zuba garin gyaɗa ko na waken soya a kunun, ya yi kauri.

Makiyayi, Maigatari:
Ka sa masa kanwa da ruwa wadatacce. Ka kuma ba shi maganin tsutsar ciki kafin ka kashe kuɗi a harawa, don bana ta yi tsada.