Wai ba a koyon gogen Turawa sai da malami?

Ɗan Badariya: Jama'a raina a ɓace yake, shi ya sa na kawo maganar nan. Na tara kuɗina na sayo bayolin daga Legas, wato gogen Turawa. Duk Birnin Kebbi na nemi mai koyarwa ban samu ba, sai na koma YouTube ina bi a hankali. Yayana kullum sai ya ce kukan abin kamar an ɗaure akuya a rana, yanzu har matarsa ta koya wa yara suna kwaikwayona. Jiya kuma wani da ya yi karatu a kudu ya ce mini ɓata lokaci nake yi, wai duk duniya ba mai iya bayolin ba malami. Ni na ce ƙarya ne. Tsirkiya huɗu ce fa, G, D, A da E, ga manhaja a waya tana nuna maka ko ka saita daidai. Na san ba gogen ƙauye ba ne mai tsirkiya ɗaya, amma abin da ɗan Adam ya ƙera ɗan Adam zai iya koya. Ko me kuka gani?

Baban Sadiq: Ƙanena, ka fara da kyau ka ɓata. Gogen ƙauye? Wane ƙauye?

Na Maradun: Ni ma nan idona ya tsaya. Yaro, abin da kake kira na ƙauye shi kakanninka suka yi rawa da shi. Ka ari kayan Bature wata nawa, har ka fara raina naka.

Ɗan Badariya: Baba ban raina ba wallahi, bambancin tsirkiya kawai nake nufi.

Na Maradun: In tsirkiya kaka nufi sai ka ce tsirkiya. Mi ya kawo ƙauye ciki?

Anti Zee: Ku bar yaro ya sha iska. Ɗan Badariya, amsa mini: ka shafa wa izgar bakan ƙaro? Sabon baka in ba a goga masa ƙaron nan da ke zuwa cikin akwatin ba, zamewa kawai yake yi a kan tsirkiya, sautin ya fito a shaƙe. In kuma ka danna bakan da ƙarfi sai ya yi ƙara. Ka tsaya gaban madubi ka ga ko bakan na tafiya a miƙe tsakanin jaki (ɗan katakon da ke ɗage tsirkiyoyin) da allon yatsu. Mafi yawan kukan da yayanka ke ji daga nan yake, hannun dama ne. Ni a makaranta a Jos na taɓa shi kaɗan.

Baban Sadiq: Kun ji ko? Izga da ƙaro da jaki. Duk kayan mai goge ne na gidanmu. Ƙwarya da fatar guza da izgar doki, shi ke nan an haɗa goge. Bature ya ɗauka ya sa katako da fenti, yanzu ɗanmu na kiran na asalin da na ƙauye.

Malamin Lissafi: Baban Sadiq a yi gyara. Ba daga wajenmu suka ɗauka ba. Bayolin da siffarsa ta yau a arewacin Italiya aka fara ƙera shi a ƙarni na 16, garin Cremona ya yi suna a kai, can shahararrun masu ƙera shi suka yi aiki, irin su Amati da Stradivari wanda ya rasu a 1737. Kafin nan Turawa sun samu kayan kiɗa mai baka ta hannun Larabawa, wanda ake kira rababa.

Baban Sadiq: To Larabawan a ina suka samu?

Malamin Lissafi: Ba a Gusau ba dai.

Na Maradun: Ah to, ga ta nan ta fito. Dama na san ɗan Kabi ne ke magana. Ku faɗa muna, in an cire kamun kifi mi kuka sani ga kiɗi? Zamfara ita ce gidan waƙa. Ɗanƙwairo namu na, Sa'idu Faru namu na, Kassu Zurmi namu na, Narambaɗa namu na.

Kabawa Ikon Allah: Narambaɗa makaɗin Sarkin Gobir na Isa ne, Isa kuwa tana jihar Sakkwato, kada a yi mana haɗe-haɗe. Mu kuma muna da Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri. Kamun kifin da kake rainawa tun 1934 ake yin bikinsa a Argungu, duniya na zuwa kallo. Jiharku ma sai 1996 aka yanke ta, mun riga ku da shekara biyar.

Na Maradun: Tsufan jiha ba shi ne iya waƙa ba, ɗan'uwa.

Malamin Lissafi: Kuma Ɗanƙwairo da Narambaɗa da kotso aka san su, ba da goge ba. Ban ga abin da ya haɗa su da tambayar yaron nan ba.

Ɗan Badariya: Na gode Malam. Don Allah a dawo kan tambayata. Anti, ƙaron na shafa. Matsalar yanzu turakun da ake ɗaure tsirkiya, ina saitawa suna kwancewa.

Anti Zee: Hunturu ne. Iska ta bushe, katako ya tsuke, turakun sai su saki. In kana juyawa ka riƙa ɗan tura su ciki. Kada ka bar shi a mota ko kusa da taga, zafi da bushewa na tsaga katakon. Ka yi hankali da tsirkiyar E, ita ce siririya, ita ke saurin tsinkewa in ka ja da yawa. Kuma kada ka kwance duka huɗun lokaci guda, jakin ba manne yake ba, tsirkiyoyi ne ke riƙe da shi, faɗuwa zai yi. In ka gama kiɗa ka sassauta izgar bakan kafin ka mayar akwati. Yayanka kuwa, akwai wata roba da ake dannawa a kan jaki tana rage sauti sosai, ka nema ku zauna lafiya.

Abu Hafsa: Assalamu alaikum. Ni ban ga wanda ya yi maganar da ta fi muhimmanci ba. Kowa ya san goge kiɗan bori ne. Na ƙauye da na birni da na Bature duk ɗaya. Ƙanena, kuɗin nan da ka sa a littafi ya fi maka.

Kabawa Ikon Allah: Ustaz, Bature ma bori yake yi da shi?

Abu Hafsa: Nasiha na yi, ban zo gardama ba.

Maman Hanifa: Malam a yi haƙuri, wannan zauren na matasa masu sana'a ne, kullum aka kawo magana sai ta ƙare a nan. Makon jiya ma haka aka yi da mai tambayar ɗinki.

Abu Hafsa: Hajiya, makon jiya ba ni ba ne.

Maman Hanifa: Kai ne, ina da hoton saƙon.

Gogarma: Ni dai nawa ka saya? In ka gaji ina saye rabin kuɗi.

Malamin Lissafi: Bari in faɗi nawa a kan ainihin tambayar, tunda ba wanda ya amsa. Wanda ya ce maka ba za ka iya ba ya yi zafi, amma ba ƙarya ya yi gaba ɗaya ba. Jita tana da layukan ƙarfe a wuyanta da ke nuna inda za ka danna. Bayolin ba shi da su, kunnenka ne zai gaya maka ko yatsa ya sauka daidai, kuma mai koyo bai san ya kauce ba sai an faɗa masa. Shi ya sa masu fara koyo ke liƙa siririn tef a allon yatsu. Manhajar waya za ta nuna maka tsirkiyar A tana kan 440, wato ta saitu daidai, amma ba za ta ga kafaɗarka ta ɗage ko wuyan hannunka ya lanƙwashe ba. In hannu ya saba da riƙo mara kyau, kwance shi ya fi koyon farko wuya. Akwai makarantar kiɗa ta MUSON a Onikan ta Legas, kuma akwai masu koyarwa ta kiran bidiyo. Ko sau ɗaya a wata wani ya duba riƙonka ya wadatar da farko.

Baban Sadiq: To ka ga, masu gogen namu na "ƙauye" ba wanda ya liƙa musu tef. Tsirkiya ɗaya, ba layi, ba waya, su fitar da waƙa cikakkiya. Wa ya fi wani gwaninta ke nan?

Malamin Lissafi: Su ma ai a bayan ubangida suke tasowa, suna ɗaukar masa kaya suna amshi shekara da shekaru. Wannan ba malami ba ne?

Baban Sadiq: Ubangida daban, malami daban.

Kabawa Ikon Allah: An koma wata kalmar kuma.

Na Maradun: Ni har yanzu yaron bai janye "ƙauye" ba. Ya janye sannan a ci gaba.

Ɗan Badariya: Baba ai na ce ba haka nake nufi ba tun ɗazu.

Na Maradun: Wanga ba janyewa ba ce.

Shugaban Zaure (Gusau): To jama'a, dare ya yi, zan rufe wannan maganar. Abin da na fahimta daga bayanan manyanmu Baban Sadiq da Na Maradun shi ne, goge namu ne tun asali, kuma ya fi na Bature wuyar kaɗawa, kowa ya yarda da wannan. An kuma tabbatar cewa Zamfara ce cibiyar kiɗan Hausa, 'yan'uwanmu na Kabi ba su kawo hujjar da ta kai ba. Malamin Lissafi ya kawo tarihin Italiya, mun gode, sai dai a riƙa taƙaitawa. Ɗan Badariya, kalmar da ka yi amfani da ita ba ta dace ba, ka goge ta kafin gobe da safe. Batun ko za ka iya koya kai kaɗai, ka bi Anti Zee ta gefe ku ƙarasa. Kabawa Ikon Allah, wannan gargaɗi na biyu ke nan a kan tsokana, na uku fita ne.