Watchmen na 2009: A kalla ko a bari?

Aminu: Assalamu alaikum 'yan uwa. An tura mini fim ɗin Watchmen, wanda Zack Snyder ya ba da umarni, kuma ina so in ji ta bakin waɗanda suka kalla kafin in ba shi fiye da awa biyu da rabi na lokacina.

Malam Bashir: Wa alaikumus salam. Abu na farko shi ne kada ka kunna shi a falo. Mai tura fina-finai ne ya ce mini fim ɗin jarumai ne irin wanda yara ke so, na kuwa tara ƙannena bayan sallar isha'i. Ba mu yi nisa ba aka nuno Comedian, ɗaya daga cikin jaruman, yana yunƙurin yi wa abokiyar aikinsa fyaɗe, ga Dr. Manhattan, shuɗin mutumin nan, yana yawo tsirara, dole na tashi na kashe talabijin na ce musu fim ɗin ya lalace. Daga baya da na kalle shi ni kaɗai na ga ƙarfinsa. Labarin yana faruwa ne a 1985, har lokacin Nixon ne shugaban Amurka, doka ta haramta wa jarumai masu rufe fuska aiki, sannan Amurka da Tarayyar Sobiyet suna gab da yaƙin nukiliya, kuma an gina wannan yanayin tsoro da kyau tun daga mintunan farko. Inda ya gaza a wurina shi ne faɗa. Duk cikinsu Manhattan ne kaɗai mai ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, sauran mutane ne masu rauni da tabon zuciya, amma sai ka ga an rage gudun hoto suna karya ƙasusuwa cikin ƙawa, har mai kallo ya fara sha'awar abin da labarin yake so ya ƙyamata.

Hauwa: Ko don Jackie Earle Haley a matsayin Rorschach ya kamata ka kalla, musamman wurin da aka kai shi kurkuku.

Nura: Malam Bashir, ka bar babban laifin. A littafin zanen Alan Moore da Dave Gibbons da aka ɗauko labarin fim ɗin daga ciki, wanda ya fito kashi 12 tsakanin 1986 da 1987, wata ƙatuwar halitta aka jefa wa New York domin duniya ta haɗa kai, amma fim ɗin ya ɗora laifin harin a kan Dr. Manhattan, wanda kowa ya sani makamin Amurka ne. Ta yaya Sobiyet za ta yarda ta yi sulhu?

Hauwa: Da an sako wannan halittar, da masu kallo sun fashe da dariya. Sauyin ya fi dacewa da fim.

Aminu: Na zo neman shawara, kun gaya mini ƙarshen labarin.

Nura: Ka yi haƙuri. Amma Hauwa, ai ba banza ba Moore ya ƙi yarda a sa sunansa a fim ɗin.

Malam Bashir: Wannan ba hujja ba ce, Nura, domin haka ya yi a V for Vendetta ma, wani fim da aka yi daga littafinsa.

Hauwa: Akwai wanda ya kalli Watchmen mai dogon zango da tashar HBO ta yi a 2019? Shi ƙarshen littafin ya bi, kuma ina so in ji ko Nura ya gamsu da shi.