Bizar ritaya ta Tailan: tabon tsohon tarin fuka zai hana ni samun takardar likita?

Baban Sadiya:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar wanda ya taɓa bin wannan hanya, ko likita idan akwai shi a cikinmu.

Shekarata 63, na ajiye aiki, fansho yana shigowa, kuma ni da uwargida mun tsai da shawarar mu je mu zauna a Tailan, ƙasar da aiki ya sha kai ni tun ina da ƙarfina. Bizar da nake nema ita ce wadda suke kira O-A, ta masu shekara 50 zuwa sama, wadda ke ba mutum zaman shekara ɗaya amma ba a yarda ya yi aiki ba. Maganar kuɗi ba ta dame ni ba. Suna so a ga baht 800,000, wato kuɗin ƙasarsu, a asusun mutum, ko kuwa abin da ke shigo masa duk wata ya kai baht 65,000, kuma Alhamdu lillahi na cika wannan. Takardar 'yan sanda ta shaidar rashin laifi ma ana kanta. Inda na tsaya cak shi ne takardar likita.

Fom ɗin bai fi shafi ɗaya ba. Yana son likita ya sa hannu cewa ba ni da cututtuka 5: kuturta, tarin fuka, tundurmi, jarabar shan miyagun ƙwayoyi, da tunjere a mataki na uku. To ni na taɓa yin tarin fuka, fiye da shekara 20 ke nan. Na sha magani har ƙarshe, aka gwada kakina aka ce na warke, kuma tun daga lokacin ban ƙara yin tari mai daɗewa ba. Amma duk sa'adda aka ɗauki hoton ƙirjina sai an ga tabo a saman huhun dama, kuma kowane sabon likita sai ya ƙura wa hoton ido yana tambayata ko ina yin zufa da dare, ko na rame.

Ban da wannan ina da hawan jini da ciwon suga, duka ina kan magani. Likitana mutumin kirki ne, ya ce shi ba zai sa hannu a guntun fom ba, zai rubuta cikakken rahoto ya zayyana duk abin da ke damuna. Wannan ne ya hana ni barci. Tabon nan zai sa a ƙi ni? Hawan jini da suga suna cikin abin da ake dubawa? Kuma yaushe ya kamata a rubuta takardar? Na gode.

Likitar Ƙirji:

Wa alaikumus salam Baba. Ka kwantar da hankalinka, don tambayar da fom ɗin yake yi ba ita ce wadda kake jin tsoro ba. Ba tambaya yake ko kai lafiyayye ne garau ba. Wane mai shekara 63 ne ba ya shan wani magani? Ƙasar da ta buɗe ƙofa ga masu ritaya ta san dattawa za su zo mata. Abin da take gudu shi ne cutar da za ta bazu cikin jama'arta. Jerin nan na cututtuka 5 daga wata tsohuwar ƙa'ida ta gwamnatinsu ya fito, mai lamba 14 ta shekarar 2535 a lissafinsu, wato 1992, kuma babu hawan jini ko suga a ciki.

Game da tabon: tarin fuka da aka yi wa magani ya warke yakan bar alama a huhu, galibi a sama, kuma alamar tana nan har ƙarshen rayuwa. Tabo ba cuta ba ne. Matsalar ita ce hoto ɗaya tak ba ya iya gaya wa likita ko abin da yake gani tsoho ne ko sabo, shi ya sa suke yi maka waɗannan tambayoyi, kuma da gaskiyarsu. Abin da zai raba gardama shi ne ka nemo tsohon hoton ƙirjinka, ko na shekara 5 ko 10 da suka wuce, a ajiye shi kusa da sabon. Idan tabon bai motsa ba, bai ƙara girma ba, rabin magana ya ƙare. Idan katin shan maganinka na wancan lokacin yana nan, kai shi ma.

Sauran rabin kuma gwajin kaki ne. Na'urar GeneXpert tana ba da sakamako cikin kamar awa 2. Amma ga wanda ya taɓa yin cutar, wani lokaci takan tsinci ragowar matattun ƙwayoyin cuta ta nuna kamar akwai, don haka likitanka yana iya cewa a shuka kakin a ɗakin gwaji a ga ko wani abu zai tsiro. Wannan shi ne gwajin da ya fi ƙarfi, sai dai yakan ci mako 6 zuwa 8 kafin a ce babu komai. Sannan don Allah kada ka bari a yi maka gwajin fata ko na jini na tarin fuka a ce da shi za a yanke hukunci. Waɗannan suna nuna cewa jiki ya taɓa haɗuwa da ƙwayar cutar ne kawai, kuma a wurin irinka za su iya ci gaba da nuna haka ko da ka warke sarai.

Shi kuwa likitanka, niyyarsa mai kyau ce, amma ka roƙe shi ya raba abin biyu. Ya cika fom ɗin yadda yake, ya sa hannu da hatimi da lambar lasisinsa. Cikakken rahoton kuma ya rubuta maka shi daban, don za ka buƙace shi ranar da ka zauna gaban sabon likita a can. Jami'in biza ba likita ba ne. Idan ka miƙa masa shafi 3 cike da sunayen magunguna, kuma babu layin da yake nema, ba zai iya ƙirƙiro shi da kansa ba.

Mazaunin Chiang Mai:

Alhaji, abin da Likita ta faɗa haka yake. Ni da wannan bizar na shigo, bari in ƙara maka abin da ya shafi lokaci, don nan ne mutane ke tuntuɓe.

Takardar likitan ba a karɓarta idan ta wuce wata 3. Saboda haka ita ce ta ƙarshe da za ka karɓa, ba ta farko ba. Fara da abin da ba a hannunka yake ba: takardar 'yan sanda, shukar kakin nan mai cin wata biyu, da inshora. Sai komai ya kammala likita ya sa kwanan wata. Ka duba fasfo ɗinka ma, ana so ya kasance da sauran aƙalla wata 18. Sannan ka shiga shafin ofishin jakadancin da ke kula da ƙasar da kake zaune ka ɗauko fom ɗinsu da jerin sharuɗɗansu, kada ka yi amfani da wanda wani ya turo maka daga wata ƙasa. Wasu ofisoshin suna son a kai takardar wurin lauya mai tabbatar da sa hannu, wasu har sai ma'aikatar harkokin waje ta buga hatimi, kuma duk wannan yawon cikin wata 3 ɗin nan yake ci.

Gaskiyar da zan faɗa maka kuma ita ce: suga da hawan jinin da likita ba zai rubuta a fom ba, a wurin inshora za ka haɗu da su. Tun ƙarshen Oktoban 2019 aka wajabta inshorar lafiya ga masu O-A, a 2021 kuma aka ɗaga ta zuwa wadda za ta iya biyan dala 100,000 ko baht miliyan 3. Kamfanoni da yawa ba sa biyan kuɗin cutar da mutum ya zo da ita, wasu kuma suna da shekarun da ba sa ɗaukar sabon mutum bayansu. Ka karanta wannan sashen da kyau kafin ka biya ko sisi. Kuma ka faɗa musu komai. Wanda ya ɓoye suga ya samu rangwame, ranar da ya kwanta asibiti suka gano, sai su ƙi biya, kuma a lokacin ba shi da bakin magana.

Akwai wata hanyar da wasu ke bi: su shigo da bizar O ta kwana 90, su buɗe asusu a bankin ƙasar, su ajiye 800,000 ɗin na wata 2, sannan su nemi ƙarin shekara ɗaya a ofishin shige da fice kan baht 1,900. A wannan hanyar galibi ba a neman takardar likita ko inshora. Amma sai ka tambaya ko fasfonka ya ba ka damarta, kuma ni ba zan ba mai suga shawarar ya zauna a nan babu inshora ba ko da doka ba ta tilasta ba, don asibitocin kuɗi suna da kyau ƙwarai amma lissafinsu ba wasa.

Shekarun Hajiya nawa? Idan ba ta kai 50 ba, ba za a ba ta O-A ba, sai dai bizar O a matsayin matarka, da takardar aure.

Mai Saurin Hanya:

Ni dai Baba da ni ne, zan sami likitan da bai san tarihina ba, ya duba ni ya sa hannu, shi ke nan. Fom ɗin bai tambayi abin da ya faru shekara 20 baya ba. Me ya kai ka tono?

Likitar Ƙirji:

Ɗan'uwa, ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Gaskiya ne fom ɗin bai tambayi tarihi ba, kuma ba wanda ya ce Baba ya rubuta wa ofishin jakadanci labarin rayuwarsa. Amma likitan da zai sa hannu dole ya san a kan me yake sa hannu. Wanda ya taɓa yin tarin fuka ya fi sauran mutane haɗarin sake yinsa, ciwon suga kuma yana ƙara wannan haɗarin ninki biyu zuwa uku. Baba yana da duka biyun. Ko babu maganar biza, ni zan so a duba shi. Idan gwaji ya fito babu komai, ya tafi da zuciya ɗaya. Idan kuma, Allah ya kiyaye, an ga wani abu, magani na wata 6 ne a yawancin lokuta, daga nan ya nemi bizarsa, kuma ya tsare Hajiya da jikokinsa da suke shaƙar iska ɗaya da shi.

Hajiya Umman Biyu:

Malam, ni ta Sifaniya na nema, bizar zama ga wanda ba zai yi aiki ba, amma darasin ɗaya ne. Su ba su lissafa cututtuka ba. Jimla ɗaya suke so ta fito a takardar: cewa mutum ba ya ɗauke da wata cuta da za ta iya yin mummunar illa ga lafiyar jama'a bisa Dokokin Lafiya na Ƙasa da Ƙasa na 2005. Likitan da ya duba ni ya rubuta cewa ina cikin ƙoshin lafiya kuma zan iya tafiya, wanda a ganinsa ya fi abin da aka nema. Mai fassarar da aka rantsar, wadda za ta mayar da takardar Sifaniyanci, ita ta ce mini wannan ba za ta wuce ba tunda ba a ambaci dokar 2005 ba. Sai da aka sake rubutawa.

Kowace ƙasa da nata salon. Malesiya, a shirinsu na ba baƙi zama mai tsawo da suke kira MM2H, a asibitin cikin ƙasarsu ake yin gwajin bayan an ba mutum amincewar farko. Panama ma likitan can ne yake ba da takardar. Don haka wanda bai riga ya tsai da ƙasa ba, kada ya kashe kuɗi kan gwaje-gwaje tukuna.

Abu ɗaya da zan ja kunnenka a kai: sunanka a takardar likita ya zama daidai da na fasfo, harafi da harafi, da lambar fasfon. Katin asibiti yakan ɗauki sunan da aka saba kiran mutum da shi, a rubuta Muhammadu a nan, Mohammed a can, kuma ma'aikacin da bai san mu ba zai ɗauka mutum biyu ne.

Baban Sadiya:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Likita, na bincika akwatin takarduna na sami wani hoton ƙirji da aka ɗauka lokacin da ofis ya tura mu gwaji, kuma tabon yana nan a ciki. Zan kai wa likitana tare da bayaninki, in roƙe shi a yi shukar kakin tun yanzu. Hajiya shekararta 54, don haka ita ma fom ɗinta daban za a cika.

Saura tambaya ɗaya. A jerin sharuɗɗan na ga maganar katin rigakafin ciwon shawara, wato yellow fever. Nawa tsoho ne, ya haura shekara 10, kuma na ji an ce allurar ba ta da kyau ga wanda ya wuce 60. Sai na sake ta?

Likitar Ƙirji:

A'a Baba, idan katin yana nan kuma ana iya karanta shi. Da can shekara 10 yake yi, amma daga 11 ga Yulin 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shi na tsawon rai, har da katunan da aka bayar kafin wannan ranar, ko da an rubuta ranar ƙarewa a jikinsu. Tailan tana neman sa daga wanda ya fito, ko ya ratsa, ƙasashen da ake samun cutar. Ka duba dai sunan da ke kai ya dace da fasfonka na yanzu, da hatimin cibiyar da ta yi maka da lambar allurar.

Abin da ka ji game da masu shekara 60 gaskiya ne, haɗarin illa mai tsanani ya ɗan fi yawa a wurinsu, amma kusan duka a allurar farko ake ganinsa, kai kuwa ka riga ka wuce nan. Hajiya ce za ka tambaya. Idan ba ta taɓa yi ba, ta yi da wuri, don sabon kati ba ya fara aiki sai bayan kwana 10, kuma ta gaya wa mai allurar duk maganin da take sha kafin a yi mata.