Wai su waye suka fara yin biskit ɗin cream cracker?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata biyu ke nan Hajiyarmu tana kwance, bakinta ya ƙi komai. Tuwo ba ta ko kallonsa, kunu ma sai an yi ta lallashi. Abu ɗaya da ta yarda da shi shi ne cream cracker da ruwan shayi. Takan karya shi biyu, ta tsoma rabi, ta yi maza ta ciro kafin ya narke ya zube cikin kofi. Ta ce haka babansu yake yi a Zariya in ya taso daga aikin reluwe, tun tana 'yar firamare.

Jiya ina zaune gefen gadonta na juya ledar ina karantawa, ban ga kirim a cikin kayan haɗin ba. To ina sunan ya samo asali? Su waye suka fara yin sa? Kuma ya aka yi abin da ba shi da wani zaƙin kirki ya daɗe haka a bakin mutane?

Malam Na Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Allah Ya ba Hajiya lafiya, Ya sa kaffara ne.

Asalinsa ƙasar Ayilan ne, maƙwabciyar Ingila. Wasu 'yan uwa biyu, William da Robert Jacob, suka kafa kamfanin biskit a garin Waterford a 1851. Gidansu dama masu gashi ne, suna yin burodi da busasshen biskit ɗin da matuƙan jirgin ruwa ke guzuri da shi. Ba a jima ba suka koma Dublin, a can ne kamfanin Jacob's ya fitar da cream cracker a 1885. Kasuwa ta buɗe musu har suka gina wata masana'anta a Aintree, gefen Liverpool, a 1914. Masana'antar Dublin ɗin ma ta shiga tarihi, don tana cikin gine-ginen da masu neman 'yancin Ayilan suka mamaye a boren 1916.

Batun suna kuwa, kin karanta daidai, babu kirim. Kalmar tana nuni ne ga yadda ake buga haɗin har ya yi laushi.

Yaɗuwarsa, a ganina, jirgin ruwa ne ya yi masa gata. Abu ne busasshe, in an rufe shi a gwangwani sai ya yi watanni lafiya lau, ya ƙetare teku bai lalace ba. Duk inda Turawan Ingila suka kai mulki ko ciniki, shayi da wannan biskit sun bi su. Shi ya sa yau za ki same shi a Sirilanka da Malesiya kamar abincin gida. Mu ma nan yanzu a gida ake yin sa, masu kamfanin biskit na Beloxxi a Agbara ta jihar Ogun suke.

Anti Mai Cincin:
Maman Ilham sannu da jinya. Ni ta fannin kwaɓi zan ɗan ce wani abu. Na taɓa gwada shi a gida, ranar farko ya kumbura mini kamar fanke saboda ban huda shi ba. Waɗannan 'yan ramukan da kike gani ba ado ba ne, ta nan tururi ke fita, sai ya gasu a shimfiɗe. Kwaɓin kuma da yis ake yi, a bar shi ya tashi, a murza, a ninke, a sake murzawa. Ninkin nan ne yake sa in kin karya ki ga shi falle-falle a ciki, yana ƙaras-ƙaras.

Rashin zaƙin nan da kike faɗa ai shi ne rufin asirinsa. Ba ya gundura. Ki shafa masa bota ya karɓa, ki ɗora sadin ya karɓa. Lokacin laulayin autana shi nake ajiyewa ƙarƙashin filo, in ci biyu kafin in sauko daga gado.

Sista Nas:
Allah Ya ƙara sauƙi. Ƙanwata, abu ɗaya nake so ki kula da shi. Mutane da yawa sun ɗauka tunda ba shi da zaƙi sosai, mai ciwon suga zai iya ci son ransa. Ba haka ba ne. Farar fulawa ce, tana komawa suga a jini, ga kuma gishiri ga mai hawan jini. In Hajiya tana da ɗaya daga cikinsu, ki gaya wa likitanta nawa take ci a rana. Kuma shi kaɗai ba zai riƙe mai jinya ba, ki riƙa haɗa mata da dafaffen ƙwai ko romon kifi.

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka da alheri. Sista, tana da hawan jini kuwa, gobe muna da ganin likita zan faɗa masa. Malam, na karanta mata bayaninka da daddare. Da ta ji maganar gwangwani sai ta tashi zaune, ta ce na babansu ma a gwangwani yake zuwa, in ya ƙare innarsu ta mayar da shi ma'ajiyar zare da allura. Yau da safe ta ci guda uku da rabin ƙwai.