Muhawara: Gwamnatin Morena a Meksiko ta talakawa ce da gaske?

Malam Isiyaku: Abin da na ɗora a faifai shi ne cewa mulkin shugaban ƙasa Andrés Manuel López Obrador na jam'iyyar Morena, daga 2018 zuwa 2024, mulkin talakawa ne, kuma masu ra'ayin kawo sauyi da ke sukarsa ba su yi masa adalci ba. Ya tarar da mafi ƙarancin albashi peso 88 a rana, ya bar shi kusan peso 249. Alƙaluman hukuma sun nuna cewa masu fama da talauci sun ragu daga kashi 41.9 cikin ɗari a 2018 zuwa kashi 29.6 a 2024, wato mutum miliyan 13 da ɗoriya. Shekara da shekaru gwamnatocin jam'iyyun PRI da PAN, da suka yi mulki kafin Morena, suna danne albashi da hujjar cewa ƙari zai jawo tsadar kaya da korar ma'aikata, sai ga shi an yi ƙarin, abin da ake tsoratar da jama'a da shi bai auku ba.

Hajiya Rakiya: Malam Isiyaku, batun albashi ba ni da ja a kansa. Amma ma'aunin da ka ɗauko alƙalumanka daga gare shi ya kuma nuna cewa waɗanda ba su da hanyar samun kula da lafiya sun ƙaru daga mutum miliyan 20 a 2018 zuwa miliyan 50 a 2022. Dalili kuwa shi ne an rushe shirin inshorar lafiya na Seguro Popular, wanda duk da kurakuransa shi ne madogarar marasa aikin albashi, aka kafa hukumar lafiya ta INSABI a madadinsa a 2020, ita ma ba ta kai ko'ina ba aka soke ta a 2023. A wannan tsakani ne iyayen yara masu cutar daji suka riƙa tare hanyar filin jirgin saman birnin Meksiko saboda babu magani a asibitocin gwamnati. Ma'aikacin da aka ƙara wa albashi, idan ɗansa ya kwana da zazzaɓi, ɗan ɗakin likitan da ke manne da kantin magani yake zuwa, ya biya kuɗin gani, ya biya na magani daga aljihunsa.

Dakta Nura: Ni inda na fi tsayawa shi ne haraji. Meksiko na cikin ƙasashen da suka fi kowa ƙarancin tara haraji a OECD, ƙungiyar haɗin kan tattalin arziki da galibin mambobinta ƙasashe ne masu arziki, kuma López Obrador ya yi alkawari tun farko cewa ba zai ƙara haraji ba, ya kuma cika. Kuɗin fanshon tsofaffi da tallafin ɗalibai daga tsuke bakin aljihun ma'aikatu aka fi samo su. Carlos Slim, attajirin da ya fi kowa dukiya a ƙasar, kamfaninsa ya samu kwangila a aikin layin dogo na Tren Maya. Gwamnatin da ta raba wa talaka kuɗi ba tare da ta taɓa aljihun masu hannu da shuni ba, ban san da wane suna zan kira ta ba, amma ba ta sauya yadda ake rabon arziki ba.

Malam Isiyaku: Dakta, ai ba a ce ba a taɓa su ba. A 2020 an tilasta wa kamfanin manyan kantuna na Walmart reshen Meksiko biyan bashin haraji na kusan peso biliyan 8, an kuma haramta yafe wa manyan kamfanoni haraji, al'adar da ta daɗe tana cin ƙasar. Dokar 2021 ta taƙaita ɗaukar ma'aikata ta hannun 'yan kwangila, dabarar da kamfanoni ke bi su kauce wa haƙƙin ma'aikaci. Wanda ya yi wannan bai zo raya wa attajirai dukiya ba.

Malama Zulaihatu: Ku yi mini haƙuri, dukanku kuna magana ne a kan kuɗi, kun bar sojoji. Wannan gwamnati ce ta kafa rundunar Guardia Nacional a 2019 da sunan ta farar hula ce, daga baya aka miƙa ta ga ma'aikatar tsaro, sannan aka ba sojoji filayen jirgin sama da kwastan da ginin layin dogo. Iyayen ɗalibai 43 na kwalejin horar da malamai ta Ayotzinapa, waɗanda aka ɓatar a Iguala a 2014, sun yi maraba da alkawarin da ya yi musu, amma suka ƙare suna zarginsa da kare sojoji kan takardun da suka ƙi miƙawa. 'Yan Zapatista, ƙungiyar 'yan asalin ƙasa ta jihar Chiapas, waɗanda suka ɗau makami ranar 1 ga Janairu 1994, sun ƙi amincewa da Tren Maya tun daga tushe. Su ma talakawa ne, Malam, kuma su ne mafi talaucin.

Malam Isiyaku: Malama, na ji, amma talakawan da muke magana da yawunsu sun yi nasu hukuncin a 2024, lokacin da suka ba Claudia Sheinbaum, 'yar takarar Morena a zaɓen shugaban ƙasa, kusan kashi 60 cikin ɗari na ƙuri'u.

Hajiya Rakiya: Ƙuri'a ta nuna cewa sun fi son Morena a kan PRI da PAN, kuma duk wanda ya san tarihin waɗannan jam'iyyu biyu ba zai yi mamaki ba. Ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Fiye da rabin ma'aikatan ƙasar suna aiki ne ba tare da rajista ko inshora ba, dokar albashi ba ta isa gare su kai tsaye, sannan kuɗin da 'yan ci-rani ke aikowa daga Amurka, sama da dala biliyan 60 a shekara, yana da nasa kaso a raguwar talaucin da ka ambata. Ga shi kuma an soke Coneval, hukumar da ke auna talauci mai zaman kanta, an mayar da aikinta ga hukumar ƙididdiga ta INEGI. Sai ka faɗa mana daga ina Sheinbaum za ta samo kuɗin gyara asibitoci idan ita ma ta ƙi taɓa haraji.