Agogon motsa jiki kullum sai ya ce in huta wai HRV ɗina ta faɗi, me ke faruwa ne?

Sani_Jidda:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu amfani da agogon nan na motsa jiki mai auna bugun zuciya ku taimaka min da bayani don gaskiya abin ya fara isata. Riyal dubu da ɗoriya na zuba na saye shi saboda ina shirin shiga gudun fanfalaki na Riyad na farkon shekara, rabin zango wato kilomita 21, aka ce min shi zai dinga tsara min atisaye ba sai na nemi koci ba. To tunda na ɗaura shi kore bai taɓa zama ba, HRV ɗin nan, wato awon bambancin tazarar da ke tsakanin bugun zuciya, kullum launinsa ko ruwan goro ko ja, in tashi da safe garau babu inda ke min ciwo sai in duba in ga ya rubuta wai in huta, wai sai bayan awa 60 ko 70 zan murmure, haba jama'a sai ka ce wanda ya yi dambe. Ranar kuma da na dawo dawam, wato aiki, a gajiye tilis ko takalmi ban iya cirewa ba ranar ce zai ce yau jikinka a shirye yake je ka yi gudun tsere.

Ga yadda rayuwata take don ku gane, a makhzan, wato ma'ajiyar kaya, nake aiki can kudancin Jidda, mako ɗaya dawam ɗin safe mako ɗaya na dare. Gudu kuma a Kornish, bakin teku, nake yi bayan isha'i don kun san zafin garin nan, in dawo in ci abinci wajen sha biyun dare, yawanci kabsa ko ful da tamis, in kwanta ƙarfe ɗaya, in tashi asuba in koma. Abokina da muke gudu tare nashi agogon HRV 85 yake nuna mai, ni 38 ko 40, kuma wlh ina wuce shi a gudu. Shin agogon ne ya lalace ko zuciyata ce da matsala? Kuma in bi abin da yake cewa ko in watsar? Uwargida har ta fara min tsiya wai na sayo miji na ɗaura a hannu.

Ummu_Ayman:
Wa alaikumus salam Malam Sani. Ni ma'aikaciyar jinya ce a nan Riyad, bari in ɗan warware maka. Zuciya ba ta bugawa daidai wa daida, ko da tana yin 60 a minti ba wai kowane bugu daƙiƙa ɗaya cif ba ne, wani tazarar milisakan 950 wani 1040 haka dai, wannan bambancin shi ne HRV. Jijiyoyin da ke tafiyar da jiki ba da saninka ba kashi biyu ne, akwai masu zaburar da kai akwai masu kwantar da kai, in masu kwantarwa ne ke da rinjaye bambancin sai ya yi yawa, in jiki na cikin wahala sai ya ragu.

Abu na farko ka daina kallon lambar abokinka kwata-kwata. Shekaru da gado suna da hannu sosai a ciki, wani 40 ce lafiyarsa wani 90, kuma ma kamfanonin ba lissafi ɗaya suke yi ba, na Apple da hanyar lissafin da ake kira SDNN yake nunawa, Garmin da wasu da yawa da wata da ake kira RMSSD, ka ga ba a haɗa su. Ba ka faɗi irin naka ba, amma in mai launukan nan ne irin tsarin Garmin, sai ya yi wajen mako uku yana auna barcinka kafin ya san ma'auninka, daga nan sai ya dinga ɗaukar matsakaicin dare 7 yana gwadawa da wancan. Yani da kanka yake gwada ka, ba da kowa ba.

Yanzu dubi abin da ka rubuta da hannunka, gudu mai ƙarfi wajen goman dare cikin damshin Jidda gumi na zuba, sai tulin shinkafa da nama sha biyu, sai barci ƙarfe ɗaya. Awannin farko na barcin nan zuciyarka ba ta sauka ba, jiki na fama da narkar da abinci ga ƙarancin ruwa, kuma daidai lokacin ne agogon ke aunawa. Ga barcin ya rabu biyu da asuba, ga mako mai zuwa ka juya dare ya koma rana. Ni a ganina agogon bai yi maka ƙarya ba wajen awon, inda yake kuskure shi ne shawarar da yake ginawa a kai, don bai san ka kwana kana ɗaga kwali ba.

Amma fa in kana jin ciwon ƙirji, ko numfashi na sarƙewa, ko jiri, ko zuciya na tsalle ba ƙa'ida, wannan ba maganar agogo ba ce, ka je mustashfa, wato asibiti, a yi maka ECG, gwajin wutar zuciya. Haka in ka ga bugun zuciyarka na hutu ya haura yadda ka saba kwanaki a jere ga HRV a ƙasa, sau da yawa mura ce ko zazzaɓi ke tafe, ranar ka huta da gaske.

Baba_Alhaji_Misfala:
Ikon Allah. Yaro kai da jikinka sai agogo ya gaya maka ka gaji? Mu nan Makka shekara da shekaru muna tura keken alhazai, safa da marwa kaɗai zuwa bakwai ya fi kilomita 3 ban da ɗawafi, a yi wa wannan a dawo a ɗauki wancan, babu wanda ya taɓa auna mana komai, in ka gaji ka sha zamzam ka yi ƙailula ka tashi. Ka sayar da shi ka saya wa iyali zinari ka huta da gori. Allah ya ba da lafiya.

Abu_Fahad_Dammam:
Baba Allah ya ƙara girma, amma a yi mana afuwa abin yana da amfaninsa in an san yadda za a bi da shi hhh.

Sani abokina, Anti Ummu ta gama maganar jiki, ni bari in taɓo na'urar. Koren hasken nan da ke ƙyaftawa a bayan agogon shi ke leƙa jini a ƙarƙashin fata, ba wutar zuciya yake aunawa kai tsaye ba irin na asibiti, saboda haka abu kaɗan ke ruɗa shi. In ya yi sako-sako, ko ka kwanta a kan hannun, ko gumi da ƙura sun bushe a gilashin bayan, khalas awon daren ya tafi. Ka matsar da shi sama da ƙashin wuyan hannu kamar faɗin yatsa ɗaya, ka ɗan ɗaure, ka dinga wanke bayan in ka dawo gudu. Akwai kuma maganar cewa fata mai duhu ta fi shanye koren haske, masu bincike sun saɓa kan ko hakan na ɓata awon sosai, ni dai abin da na gani a hannuna ɗaurin ya fi komai tasiri. In kana da hali ka nemi bel ɗin ƙirji irin Polar H10 ka dinga gudu da shi, shi wutar zuciyar yake ɗauka.

Sai babban abin da nake zargi game da awa 70 ɗin nan, shiga saiti ka duba iyakar bugun zuciyar da ya sa maka. Yawancinsu 220 suke cire shekarunka a ciki shike nan, kuma wannan lissafin ƙiyasi ne kawai, mutane da yawa nasu ya fi haka ko bai kai ba. In naka na gaskiya ya fi wanda ya rubuta to duk ɗan gudun da ka yi gani zai yi kamar ka kusa mutuwa, sai ya zabga maka hutun kwana uku. Ƙara da zafi, gudun da za ka yi da bugu 145 a watan Janairu shi ne zai kai ka 160 a Agusta alhali saurin ɗaya ne. Na Garmin suna da lissafin sabo da zafi da ke fara aiki in yanayi ya wuce digiri 22, amma sai agogon na haɗe da waya yana samun yanayin gari. Lissafin nasu ma asalinsa na wani kamfanin Finland ne Firstbeat da suka saya a 2020, kuma ra'ayina ne fa, ban ga alamar da mai dawam ɗin dare a Jidda a rai aka tsara shi ba. Ƙasar da hukuma da kanta ke hana aiki a rana daga sha biyu zuwa uku tun 15 ga Yuni har 15 ga Satumba ai ba wasa ba ce.

Makon dare kuma ka canza masa lokacin barci a saiti, in ba haka ba wani lokacin barcin ranar ma ba ya ƙirga shi yadda ya kamata.

Sani_Jidda:
Na gode ƙwarai Anti, Allah ya saka da alheri, babu ciwon ƙirji ko jiri alhamdulillah. Baba uwargida ta ga maganar zinarin nan kun ja min. Abu Fahad na duba, 186 ya sa min, alhali ni na sha ganin 194 in na matsa a ƙarshen gudu. To in gyara da hannu kenan? Sannan ya ake yi da azumi, don ina jin lokacin ja zai dinga nunawa har sallah.

Nura_Manfuha:
Eh gyara shi da hannu, amma ka tabbatar 194 ɗin da bel ka gan shi ba da hasken hannu ba, don shi wani lokacin takun ƙafarka yake kamawa ya ɗauka zuciya ce. Azumi kuwa kar ka wahalar da kanka, kowa nasa hargitsewa yake, ga tarawihi ga sahur ga barci gutsi-gutsi, bayan sallah sai ya ɗau makonni kafin ya dawo daidai. Ni a watan sassauƙan gudu kawai nake yi bayan tarawihi, shawarar agogon ma kashe ta nake.

Abin da nake yi sauran watanni, ba na duba shi da safe sai na fara tambayar jikina, in fita in yi minti goma a hankali, in ƙafa ta saki in ci gaba da abin da na tsara ko da ja ne, in ta yi nauyi ga shi kuma ja to ranar tafiya ce kawai. Ka gwada rage abincin daren nan ko ka ci kafin magariba ta yi nisa, ka sha ruwa sosai, makon dawam ɗin dare kuma kar ka sa gudu mai ƙarfi fiye da ɗaya. In sanyi ya shigo za ka ga lambobin sun gyaru da kansu. Kuma Riyad ba Jidda ba ce, iskarmu busasshiya ce ga sanyin safiya lokacin gasar, ka taho da riga mai dogon hannu. In ka iso da wuri ka yi min magana mu zaga Wadi Hanifa ka ji yanayin kafin ranar.