Kalma ɗaya nake nema kafin gobe: domestikeshan

Hajara: Assalamu alaikum malamai. Gobe ƙarfe goma za mu naɗi shirinmu na noma da kiwo, baƙona likitan dabbobi ne zai taso daga Shika. Kalmar da zai yi ta nanatawa ita ce domestikeshan, wato yadda ɗan Adam ya ɗauko dabbar daji ya riƙe ta har jikokinta suka zama na gida. Ba na so duk ya faɗe ta in jawo jimla mai tsawon igiyar guga. Ku agaza.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Horarwa mana.

Dakta Bello: A'a Malam, da sauran gyara. Gardi ya hore kura, ya sa mata takunkumi, har yara na hawa bayanta a kasuwa. To in ta haihu fa? Ɗanta kura ne cikakke, sai an sake horo daga farko. Horo yana mutuwa tare da dabbar da aka hora, abin da Hajiya ke nufi kuwa jini yake bi. Mutum ne ke zaɓen mai sanyin hali da yawan nono ya bar ta ta haihu, mai faɗa a yanka, har siffa da ɗabi'a su sauya. Haka kare ya fito daga kyarkeci sama da shekara 15,000 da suka wuce, akuya da tunkiya kuma wajen shekara 10,000 a yankin duwatsun Iran da Turkiyya. Kakan shanu ma na dawa ne, ta ƙarshe a irinsa ta mutu a Foland a 1627.

Malam Sani: To kiwatawa?

Dakta Bello: Ana kiwon jimina da kada, ba su zama na gida ba.

Ustaz Kabiru: Larabawa sun gama mana aiki, tadjin suke cewa. A ce tadajini, ai ba yau muka fara aro ba.

Hajara: Allah gafarta Malam, masu saurarona a Birnin Gwari da Giwa za su ɗauka aljanu nake kira.

Garba Tudun Wada: Gidantarwa! Mun ce zamanantarwa, mun ce Hausantarwa, mun ce siyasantarwa, me zai hana gida? An gidantar da jaki, gidantacciyar dabba, gidantattun dabbobi. Tana juyuwa ta kowane ɓangare. Ni tun bara nake koya wa ɗalibaina ita.

Baffa: Kai yaro, gidantarwa a ina ka ji ta? Na buɗe ƙamus ɗin Bargery na 1934, ban tsaya nema ba ma don na san Bahaushe bai faɗe ta ba. Kunne kuma gidadanci zai ji, sai a zaci saniyar aka mayar bagidajiya. Wannan ita ce matsalar Hausar Kaduna, a ɗauko guduma a ƙera kalma a bakin titi.

Garba Tudun Wada: Baffa, da girman kujerarka, zamanantarwa ma ai wani ne ya fara faɗinta aka yi masa dariya. Hausar Kadunan da kake rainawa kuwa, rediyonta kuke kamawa a Kano tun muna cikin zani.

Baffa: Kamawa daban, koyo daban.

Ardo Jibo: Ku Haɓe kuna faɗa kan sunan abin da ba ku da shi. Bunaji, Rahaji, Bokoloji, wa ya raɗa musu suna? Ku tambayi masu abu.

Malam Sani: Ardo, mun bar maka nagge. Jar akuyar Sakkwato da tunkiya 'yar ƙasa fa, su ma naka ne?

Hajara: Don Allah jama'a, dare na yi.

Dakta Bello: Hajiya, ki sa baƙonki ya yi misali da namu. Jaki a nan Afirka aka fara mayar da shi na gida, zabo kuma a Afirka ta Yamma. Zabo ma ya fi daɗin misali, don aikin bai gama nuna a jikinsa ba: har yau zabuwa cikin ciyawa take zuwa ta yi ƙwai, sai an kwaso an sa wa kaza ta ƙyanƙyashe. Ni zan iya zama da kalmar Garba, in dai za a fassara ta a farkon shiri.

Baffa: Mayar da dabbar daji ta gida. Hausa ce tsab, kowace tsohuwa ta gane. Me ya yi zafi?

Hajara: Tsawo, Baffa. Ga abin da zan yi: in buɗe da jimlarka, in ce wato gidantarwa, daga nan in ci gaba da gajerar.

Baffa: Ba da yawuna ba. Amma ki fara da tawa ɗin.

Garba Tudun Wada: A rubuta, ranar da aka haife ta ke nan.

Hajara (washegari): An naɗi shirin, alhamdu lillahi. Likita ya ce gidantarwa sau biyu, ya yi dariya, ya koma Turancinsa. Mai haɗa mana sauti kuma yana tambaya ko kyanwarsu da ke kwana a waje gidantacciya ce. Dakta, wannan taka ce.